In Fok Ya Lanƙwashe, Wa Zai Biya?

Ƙannena masu son keke, da yawanku kun ga bidiyon nan na Danny MacAskill da ya fito a watan Afrilun 2009, wanda har gobe ake turawa daga waya zuwa waya. Saurayi ne ɗan tsibirin Skye na ƙasar Sikotilan, yana tuƙa keke a kan tsinin shingen ƙarfe a birnin Edinbara, yana dirowa daga kan gini sai ka ce ƙasa katifa ce. A lokacin shi kansa gyaran keke yake yi a wani shago. Abin da yake yi ɗin reshe ne na wasan da ake kira tirayal, wasan da babu tsere a cikinsa: a ajiye maka dutse, ko kututture, ko katanga, a ce ka hau ka sauka ba tare da ƙafarka ta taɓa ƙasa ba. Da babura aka fara shi a Birtaniya, inda gasar kwana shida ta Sikotilan take gudana tun 1909. Daga baya mutanen Kataloniya ta ƙasar Sifaniya suka karɓe ragama da kamfanoni irin su Bultaco da Montesa, kuma ɗansu Toni Bou tun 2007 yake ɗauke kambun duniya shekara bayan shekara. A can ɗin ne, wajen ƙarshen shekarun 1970, wani ma'aikacin Montesa mai suna Pere Pi ya ƙera ƙaramin keke domin ɗansa Ot Pi ya riƙa koyon wasan kafin ya isa hawan babur. Tirayal na keke daga nan ya tashi.

Abin da bidiyo ba ya nuna muku shi ne tarin ƙarafan da ake karyawa kafin a sami minti biyar ɗin da kuke kallo. Cikin waɗannan ƙarafa kuwa, wanda na fi so mu yi magana a kansa shi ne fok, wato ƙafafun nan biyu da suke riƙe tayar gaba, suka haɗu a sama suka zama bututu guda da ya ratsa wuyan firam ya je ya kama kan keke. Yawancin kekunan tirayal ba su da shokazoba. Fok ɗinsu sandararre ne, an kuma rage masa nauyi iya ragewa, domin mai wasa yana ɗaga gaban keke sau ɗaruruwa a yini. Duk lokacin da aka yi tsalle aka dira a kan tayar gaba da birki a danne, nauyin mutum gaba ɗaya da ƙarfin dirarsa suna taruwa a ƙasan fok, su kuma ƙafafun su zama kamar dogon hannun da ake murɗa kafaɗarsa. Wurin da ya fi shan wahala shi ne inda ƙafafu suka haɗu da bututun wuya, sai kuma gindin da aka ɗaure birki, musamman birkin faifai da yake jan ƙafar hagu ita kaɗai. Saboda haka masu wannan wasa ba sa ɗaukar fok a matsayin abin da za a gada. Suna lissafa shi cikin kayan da ke ƙarewa, kusa da taya da robar birki, sai dai shi ya fi su daɗewa, ya kuma fi su haɗari ranar da ya gaji.

To, ga shi ka faɗi, ka tashi ka karkaɗe jiki, sai ka ga keke ya sauya kama. Tayar gaba ta matso kusa da firam har yatsun ƙafarka suna taɓa ta in ka juya kai. Ko ka saki hannu ka ga keken yana ja gefe guda. Ko ka ji kan keke yana juyawa sumul a wani wuri, yana cijewa a wani wuri, alamar bututun wuya ya karkace. Ko ka ga fenti ya yi 'yan layuka a tsaye a kafaɗar fok. Na san abu biyu da za su zo maka a rai, domin su suke zuwa wa kowa: a miƙar da shi a ci gaba da wasa, ko a rubuta wa kamfani su aiko da sabo tunda akwai garanti. Bari mu fara da na farkon, don shi ne yake iya kai mutum asibiti.

A garuruwanmu miƙe ƙarfe sana'a ce mai daraja. Ɗan acaɓa ya yi karo, a kai babur wurin bakanike, a zura dogon bututu a ƙafar fok, mutum biyu su danna, kafin la'asar ya koma kan titi. Masu gyaran keke ma haka suke yi da tsofaffin kekunan baƙin ƙarfe tun zamanin kakanninmu, kuma sau da yawa abin yana yi. Dalilin da ya sa yake yi shi ne halin baƙin ƙarfe: yana lanƙwashewa ya daɗe bai karye ba, yana kuma jure a mayar da shi in karkacewar kaɗan ce, babu lotsawa ko tsagewa. Amma ko shi, wanda aka miƙar ya isa zuwa kasuwa da dawowa ne, bai isa dirowa daga katanga ba. Yawancin fok na tirayal a yau kuwa na alminiyom ne, wasu na zaren kabon, kuma waɗannan halinsu daban.

Ɗauki murfin gwangwanin madara ka lanƙwasa shi, ka mayar, ka sake lanƙwasawa. Za ka ji wurin yana ƙara tauri, yana yin fari, sannan ya rabu biyu ba tare da ka ƙara ƙarfi ba. Abin da ke faruwa da fok na alminiyom ke nan, sai dai shi ba ya ba ka dama sau uku. Lanƙwasar farko ta cinye yawancin juriyarsa, miƙarwar ta cinye ragowar, ta bar ƙananan tsagu waɗanda ido ba ya gani. In kuma aka ce a gasa shi da wutar walda don ya yi laushi, an ƙara ɓata lamarin. Irin alminiyom ɗin da ake yawan ƙera kayan keke da shi, wanda ake yi wa lamba 6061, ƙarfinsa daga gashi na musamman yake zuwa: a kai shi zafin da ya haura digiri 500, a tsoma shi a ruwa nan take, sannan a bar shi sa'o'i a tanda mai zafin wajen digiri 170. Wutar mai walda tana warware wannan aiki duka a wurin da ta taɓa. Fok zai fito a miƙe, kyakkyawa, amma ƙarfin da aka saya da kuɗi ya tafi. Shi kuwa kabon ba ya ma lanƙwashewa balle ya gargaɗe ka. Zarurrukansa suna rabuwa da juna ta ciki, waje yana sheƙi.

Kada ku ce wannan tsoro ne na wanda bai iya hawa ba. A tseren Paris zuwa Roubaix na 2006, George Hincapie na Amurka, wanda ake sa ran zai iya cin tseren, ya faɗi tun da wuri, ya tashi ya ci gaba a kan keken. Can gaba, a kan hanyar duwatsu, yana cikin sahun farko, bututun wuyan fok ɗinsa na alminiyom ya tsinke. Kan keken ya rabu da keken yana riƙe da shi a hannu, ya kifa ya ji mummunan rauni a kafaɗa. Wannan ƙwararre ne mai ayarin kanikawa a mota suna bin sa a baya. In sarƙa ta tsinke, ko tayar baya ta fashe, mutum yana da ɗan lokacin da zai kare kansa. In fok ya karye, fuska ce take fara isa ƙasa, hular kwano ta keke kuma ba ta rufe haƙora da haɓa. Saboda haka roƙona na farko, wanda ban yarda a yi ciniki a kansa ba: fok ɗin da ya lanƙwashe ya gama aiki. A sauke shi yau, ko da za a yi wata uku babu wasa.

Yanzu sai maganar garanti, inda ake yawan ɓacin rai, kuma galibi saboda ba a karanta takardar ba sai bayan an faɗi. Abin da kamfani ya yi maka alkawari a takardar nan ƙanƙane ne, a fili yake: cewa kayan ya fito daga masana'anta babu aibi a ƙarfensa ko a aikinsa. In walda ba ta kama ba, in akwai kumfar iska a cikinta, in bututun wuya bai zauna daidai a mazauninsa ba har ya fara motsi, in an yi kuskuren gashi ƙarfen ya fito da laushi, wannan laifinsu ne, su za su biya. Faɗuwa, karo, dira a karkace, ɗaure ƙusa fiye da ƙima, huda ko goge wani wuri don rage nauyi, waɗannan naka ne. Kamfanoni da yawa ma suna rubuta ƙarara cewa gasa da wasan tsalle-tsalle ba sa cikin alkawarin, kuma alkawarin na wanda ya fara saya ne, mai rasit a hannu. Wanda ya sayi keken gwanjo, komai kyansa, ba shi da kowa sai Allah sai idonsa.

Kuma ku sani, masana'antar keke ta raba kekuna aji-aji gwargwadon wahalar da aka ƙera su su ɗauka. A ma'aunin ASTM na Amurka, wanda kamfanoni da dama suke bugawa a littafin keke, aji na 1 na kwalta ne, taya ba ta barin ƙasa. Aji na 2 ya yarda da burji da gangarar da ba ta wuce santimita 15 ba. Aji na 3 tsallen da bai kai santimita 61 ba, aji na 4 wanda bai kai 122 ba, sai aji na 5 na masu wuce haka. Babban ma'aunin lafiyar keke na duniya, ISO 4210, shi ma ya cire kekunan wasan tsalle da na gasa mai tsanani daga cikin waɗanda yake magana a kansu. Me wannan yake nufi gare ka? In ka ɗauki keken zuwa makaranta ka shiga kwaikwayon MacAskill a kan kwalbati, fok ya lanƙwashe, babu wanda ya cuce ka. Ka sa shi aikin da ba a yi shi dominsa ba. Wannan ya fi damuna fiye da komai, domin yawancin yaran da ke kallon bidiyon nan ba keken tirayal gare su ba, keken da ke gida suke ɗauka.

Amma akwai tsakiya, kuma ba na so ku zama masu saurin sallamawa. In kamfani ya ƙera fok, ya rubuta a jikinsa cewa na tirayal ne, ya tallata shi da hoton mutum yana dira a kan tayar gaba, to ba shi da bakin cewa tirayal ɗin ne ya karya alkawari. Fok irin wannan in ya tsage a bakin walda cikin makonnin farko, a hannun mai koyo da bai wuce hawa dandamali ba, akwai magana. Ƙarfe kuwa yana ba da shaida. Wanda ya san aiki in ya duba wurin karaya yana iya bambance tsagar da ta daɗe tana ci a hankali, mai santsi da duhu da layuka kamar zobba, da karayar da ta faru a bugu ɗaya, mai kaushi da haske. Yana iya ganin ramukan iska a walda. Lanƙwasa kuwa, gaskiyar magana, ta fi tsaga wuyar karewa, domin ƙafafu biyu da suka koma baya tare kusan kullum labarin karo suke bayarwa. Shi ya sa za ka ga an karɓi ƙorafin wanda nasa ya tsage, an ƙi na wanda nasa ya lanƙwashe, alhali rana ɗaya suka saya.

Bayan takardar kamfani akwai dokar ƙasa, kuma abubuwa biyu ne daban da matasa suke yawan cakuɗawa. Garantin kamfani kyauta ce da ya ga dama ya bayar, shi ya tsara sharuɗɗanta. Doka kuwa tana kan wanda ya sayar maka, ko ya so ko bai so ba. A Birtaniya, dokar haƙƙin mai saye ta 2015 ta ba mutum kwana 30 ya mayar da kaya mai aibi a ba shi kuɗinsa. Cikin wata 6 na farko, in aibi ya bayyana ana ɗauka da shi aka sayar, sai in mai shago ya tabbatar da akasin haka. Bayan nan nauyin kawo hujja ya dawo kan mai saye, kodayake ƙofar kotu a buɗe take har shekara 6 a Ingila, 5 a Sikotilan. A ƙasashen Tarayyar Turai mafi ƙarancin wa'adi shekara 2 ne, Sifaniya ma ta mayar da nata 3 tun Janairun 2022. Sai dai duk waɗannan dokoki a kan aibin asali suke magana. Babu wadda ta ce kaya ba zai lalace ba in an buga shi da dutse. Nijeriya ma tana da dokarta ta 2018 da hukumar FCCPC mai sauraron koken masu saye, amma hannunta yana kaiwa ga ɗan kasuwar da ke cikin ƙasa ne. Wanda ya yi odar fok ta intanet daga wani shago a Basalona ko Ingila, ya lissafa tun farko cewa kuɗin mayar da shi da na kwastan na iya kusan kai kuɗin sabo, kuma shaguna da yawa a kan mai saye suke ɗora kuɗin aikawa.

Mu ce an karɓi ƙorafinka, sabon fok ya iso. A nan ne tambayar da ta fi rikita mutane take tasowa: shi wannan sabon, garantinsa daga yau zai fara? A mafi yawan takardun kamfanoni amsar ita ce a'a. Agogo ɗaya ne, tun ranar sayen farko yake tafiya. A ce garantin shekara guda ne, ka saya a Janairu, ya tsage a Oktoba, aka sauya maka. Wanda aka ba ka ɗin ragowar wata biyu da 'yan kwanaki ya gada, ba sabuwar shekara ba. In ya lalace a Fabrairu, za a ce maka wa'adi ya cika. Na san wannan yana da ciwo, mutum yana ganin kaya sabo fil a hannunsa. Amma duba ta ɓangarensu: kuɗi ɗaya ka biya, alkawari ɗaya aka yi maka, na cewa za ka sami fok marar aibi tsawon shekara. Da kowane musanye yana sabunta wa'adi, da mai wasa da ƙarfi zai biya sau ɗaya ya riƙa karɓar fok har tsufansa. Wasu kamfanoni suna ƙara 'yan watanni a kan kayan musanye, wasu ƙasashe kuma dokarsu tana tsayar da ƙirga kwanakin da kaya ya yi a wurin gyara. Hanyar sanin wanne ya shafe ka ita ce ka tambaya a rubuce kafin ka ɗaura shi, ka ajiye amsar.

Ka kuma lura da sunan da aka kira abin da aka ba ka, domin hukuncinsa yana bin sunan. Wani lokaci kamfani zai ce: mun duba, ba laifinmu ba ne, amma ga wani mun ba ka don zumunci. Wannan alheri ne, kuma galibi ba ya ɗauke da wani alkawari a bayansa. In ya lanƙwashe ba ka da abin cewa sai godiyar da ka riga ka yi. Wani lokaci kuma za su ce akwai tsarin rangwame ga wanda ya yi haɗari, su sayar maka da sabo a farashi mai sauƙi in ka nuna musu wanda ya lalace. Wannan, a ganina, shi ne mafi mutunci ga ɓangarorin biyu, kuma matasa da yawa ba su san da shi ba don ba su tambaya. Tunda ka fitar da kuɗi, ciniki ne sabo, ka nemi rasit sabo, ka tambayi wa'adinsa. Haka in ka je ka sayi fok na wani kamfani daban da kuɗinka: garantinsa nasa ne, daga ranar da ka saya. Sai dai a nan akwai tarko. Kowane firam an auna shi da tsawon fok da ya dace da shi. In ka sa wanda ya fi tsawo, ka ƙara wa wuyan firam nauyin da ba a lissafa da shi ba, kuma in firam ya tsage daga baya kamfaninsa na iya cewa kai ka sauya masa tsari. Ka gwada tsawo daga tsakiyar taya zuwa kafaɗa, ka tabbatar kaurin bututun wuya ya dace, wanda a yawancin kekunan nan inci ɗaya da ɗaya bisa takwas ne, sannan ka bar wanda ya iya ya ɗaura. Bututun da aka yanke ya gajarce ba a mayar da shi shago.

In fok na biyu ya bi sawun na farko cikin ɗan lokaci, kafin ka ce kamfanin nan kayan banza yake yi, tsaya ka binciki abu biyu. Duba ƙarƙashin firam, daf da wuya, ka shafa da yatsa ko akwai lotsawa ko ɗan kumburi, domin bugun da ya lanƙwasa fok sau da yawa yana taɓa firam, firam ɗin da ya karkace kuma zai ci gaba da cin duk abin da aka ɗaura masa. Sannan duba hawanka. Mai koyo ya fi gwani karya kaya, ko da yake gwanin ya fi shi tsalle nesa. Gwani yana dira da gwiwa da gwiwar hannu a sake, jikinsa yana shanye bugun. Mai koyo yana sandarewa, ƙarfe ya shanye. Wanda yake matakin farko ya fi dacewa da fok na baƙin ƙarfe mai nauyi da araha, wanda zai lanƙwashe ya gargaɗe shi, a kan marar nauyi mai tsada da zakaru suke hawa. Zakarun nan da yawansu kamfani ne yake ba su kaya, ana sauya musu kafin ya gaji.

Na ajiye magana mafi nauyi zuwa nan. Bayan duk abin da na faɗa, wani zai gane cewa in ya faɗi gaskiya ba za a ba shi komai ba, sai zuciya ta raya masa ya rubuta: ina cikin tafiya a kan titi kawai na ga ya lanƙwashe. Masu shagunan keke a Turai da Amurka sun ji wannan jimla har ta zama abin da suke gane mai ita tun bai rufe baki ba. Ƙarfen zai ƙaryata ka, wannan ɗaya ne. Amma ko da zai wuce, ƙanena, abin da ka karɓa ba naka ba ne. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da warware wannan a babin ciniki: aibin da yake cikin kaya tun kafin a sayar, wanda mai saye bai gani ba, yana ba shi zaɓin mayarwa, amma ɓarnar da ta auku a hannunsa bayan ya karɓa tasa ce. Takardar garanti ta Bature a kan wannan iyakar take tafiya. Wanda ya ɗauki laifin hannunsa ya jingina wa maƙeri don a ba shi sabo, ya ci dukiyar wani da ƙarya, ko da wanin yana wata nahiya bai san fuskarsa ba. Kuma kada ku ɗauka wani ƙaton kamfani ne da ba zai ji a jikinsa ba. Tirayal ƙaramin wasa ne, masu ƙera kayansa da masu sayarwa galibi 'yan tsiraru ne, da yawansu su ma mahaya ne. Kowace ƙarya da ta wuce, ita ce take sa a gajarta wa'adi a kuma tsananta wa mai gaskiyar da zai zo bayanka.

Rubuta musu abin da ya faru yadda ya faru. Faɗi ranar saye, haɗa hoton rasit, faɗi nauyinka da irin hawan da kake yi da tsayin abin da ka diro daga kai. Ɗauki hoton keken ta gefe da ta gaba kafin ka kwance komai, sannan hoton wurin da ya lalace daga kusa, cikin haske. Kada ka goge, kada ka kankare fenti, kada ka gwada miƙarwa, domin duk wanda ya taɓa wurin ya shafe shaidar da za ta iya taimakonsa. Fara da shagon da ya sayar maka kafin kamfani. Yi magana da ladabi, ban da barazanar tona asiri a Facebook tun ba a amsa maka ba. Wanda zai karanta saƙonka mutum ne, kuma sau da yawa yana da ikon yin rangwame ko alheri ga wanda ya ga dama. In ka tabbata aibin asali ne aka ƙi saurarenka, ka tsaya kan haƙƙinka, ka nemi su bayyana dalilinsu a rubuce, ka kai wa wani makanikin keke mai zaman kansa ya duba ya rubuta abin da ya gani.

Saura tsohon fok ɗin. Ajiye shi har a gama magana, domin wasu kamfanoni za su ce a aiko musu, wasu su ce a yanka shi a turo hoto. In an gama, kada ka jefar da shi yadda yake, kada kuma ka bari wani ya ce ka ba shi zai gyara. Abin da ke faruwa sananne ne: a miƙar, a fesa fenti, a sayar wa yaron da ya tara kuɗinsa da ƙyar, shi kuma ya hau da zuciya ɗaya. Kun san labarin da ya zo a hadisi na mai sayar da hatsi da ya ɓoye jiƙaƙƙe a ƙasa ya bar busasshe a sama, da yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsawatar masa. Wancan asarar kuɗi ce za ta sami mai saye, wannan kuwa wuyan ɗan wani ne. Sa zarto ka raba ƙafafun da bututun wuya, ka yanka kowace ƙafa biyu, sannan ka ba 'yan gwangwan su auna a kilo.